Rijiyar Hari

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, damina ta yi kyau a ƙasar Agiye, gyaɗa ta yi 'ya'ya, mutanen buro kuma, wato ma'aikatan ofishin gwamnati, suka tashi da zazzaɓin rubutu. Komai sai an rubuta shi, gona da jaki da makabarta. Da rani ya shigo, zazzaɓin ya iso kan rijiyoyi. Aka ce sabuwar gwamnati za ta ɗaure bakin rijiyoyin ƙauye da siminti, amma kafin nan sai an san mai kowace rijiya an sa sunansa a takarda. Wanda aka rubuta kuwa shi ke da ikon cewa wane ya sha, wane ya juya da gugansa.

Gabas da Cadawa, tafiyar hantsi a kan jaki, akwai wani ƙauye da ake kira Rijiyar Hari. Rijiyar ta girmi ƙauyen, kowa ya san haka. Abin da aka manta, ko aka ga dama aka manta, shi ne yadda ta samu sunanta.

Mutum ɗaya ce ba ta manta ba, Dija mai yasa. Shekarunta sun doshi sittin. Gajeriya ce mai kaurin damtse, kuma ba ta iya sassauta magana ba ko da sarki take yi. Kowace shekara idan ruwa ya ja baya, ita ake ɗaura wa igiya a ƙugu ta sauka ta kwashe laka da guntayen guga da duk abin da ya faɗa. Maza kan taru a baki suna ba ta shawara daga sama. A gefen rijiyar tana da ɗan lambu na albasa da taba, tana kuma da doka ɗaya da ta gada wurin ubanta: ba a korar mai ƙishi, mutum ne ko dabba.

Ubanta Labo shi ya haƙa rijiyar, tun wurin yana dajin sabara da geza, tun Dija tana 'yar shekara bakwai. Ba shi da ɗa namiji, ba shi da ƙane, sai matarsa. Shi yana ƙasa da dagi, ita tana sama da igiya. In ya cika guga da ƙasa sai ya raɓe a wani lungu da ya sassaƙa a jikin rijiyar don kada abu ya faɗo masa a ka, ya ɗaga murya ya kira matar da sunanta, ita kuma ta saɓa igiya a kafaɗa ta yi gaba da ita har gugan ya fito. Rani biyu cur suna haka. Makiyaya da fatake da ke ratsa dajin ba sa ganin Labo. Abin da suke gani mace ce doguwa tana jan igiya, abin da suke ji kuma rami ne yana kiran Hari. Haka sunan ya bi rijiyar.

Hari ba ta sha ruwan ya kai shekara uku ba, yunwar Kakalaba ta tafi da ita. Mutanen da suka cika ƙauyen daga baya suka zo, wasu daga Gazawa, wasu daga ƙetaren iyaka, suka tarar da suna suka ci gaba da kira. Ita kuwa Dija, tun da take ba ta taɓa buɗe baki ta faɗi wannan suna ba. Ɗiya ba ta kiran sunan uwarta. In za ta ambaci rijiyar sai ta ce rijiyar Inna, ƙauyen kuma ta ce garinmu. Da ta haifi 'yarta ta fari, mijinta ya yi mata kara ya sa wa jaririyar sunan marigayiyar. Liman ya faɗe shi sau ɗaya ranar suna, Hariratu, daga ranar kuma aka rufe shi da Uwani. Yanzu Uwani ta haura talatin, da 'ya'yanta huɗu, ita ke riƙe wa uwarta igiyar guga ranar yasa. Dija ba ta kira daga ƙasa. Girgiza igiya take yi sau uku, Uwani ta ja.

Ranar wata Laraba da hantsi mota ta tsaya a gindin gawon da ke kusa da rijiyar. Wani saurayi ya fito da farar riga da tabarau, da babban littafi a hammata. Ma'aikacin buro ne, sunansa Mushe Sumana, wato Malam Sumana a bakin masu Faransanci, Bazabarme ne daga yamma, ya yi lakol, wato boko, mai zurfi. Ba mugu ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Ciwonsa ɗaya, ya yarda cewa in ka bi asalin kalma za ta kai ka har ƙofar gidan mai ita. Da aka shimfiɗa tabarmi gari ya taru, sai ya ce shi ba ya son gardama mai tsawo. A gaya masa daga wane harshe sunan rijiyar ya fito, shi zai san waɗanda suka haƙa ta.

Dija tana bayan taro wajen mata, da ƙullin taba a kunci. Ta ji wannan magana ta tofar da yawu gefe.

Maigari Cindo ya fara. Ya gyara zaman rawaninsa ya ce, “Ranka shi daɗe, wagga magana ba ta da wuya. Hari Hausa ce tsantsa. Zamanin yaƙe-yaƙe, nan wurin mahara suka kawo hari, kakana ya tare su ya kore su, ya sa aka gina rijiya don tunawa. Rijiya ta gidanmu ce.”

Kakan nan da ake magana, a zamanin da ake faɗa, yana can ƙetare yana tallan kanwa a kan jaki, kuma akwai mutum uku a kan tabarmar da suka san haka. Kowa ya san abin da Cindo ke so. Ya daɗe yana cewa shanun Fulani na ɓata masa hanyar gona, in rijiya ta zama tasa zai kewaye ta da ƙaya.

Sai Arɗo Juli, shugaban Fulanin da ke mashekari a arewacin gari, ya dogara sandarsa ya miƙe. Tsoho ne ƙwarai, ya ba saba'in baya, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya ce, “Maigari ya hwaɗi tashi. Mu a Fulatanci, in saniya ta sha ta ƙoshi ta ɗaga kai, sai mu ce haari. Ta ƙoshi ke nan. Tun babu bukka ko ɗaya a nan shanunmu ke shan ruwan ga. Mu muka raɗa mata suna.” Shi ma an san abin da ke ransa. Yana son a buɗe burtali daga mashekari har bakin rijiya, kuma burtalin ta tsakiyar albasar Dija zai bi.

Liman ma bai bari an bar shi a baya ba. Ya ce in an duba da kyau akwai harru a Larabci, wato zafi, kuma duk wanda ya zauna garin nan a watan bazara ya san sunan ya dace. Shi ba rijiya yake nema ba, so yake kawai a san ya yi karatu.

Mushe Sumana yana ta rubutu yana murmushi, abin ya yi masa daɗi. Da suka gama ya cire tabarau ya goge. Ya ce duk sun yi ƙoƙari, amma sun yi nisan kiwo. A harshensu na Zabarmanci, in ji shi, hari shi ne ruwa, ba wani kwana-kwana. Wa zai ga rijiya ya kira ta da sunan yaƙi ko na zafi, ga ruwa a gabansa? A zamanin Nasara an bi da sojoji da 'yan aikin hanya daga yamma ta wannan yanki, su ne za su haƙa ta su kira ta da harshensu. Abin da aka yi a ƙarƙashin gwamnatin da ta tafi kuwa, gwamnatin da ta zo ita ke gadonsa. Saboda haka zai rubuta rijiyar a matsayin ta gwamnati, a sa mata sabon suna da ya dace da zamanin 'yancin kai, a share gaba goma ta kowane gefe, a bar wa maigari ya riƙa kula da ita.

Gaba goma ta kowane gefe ya cinye lambun Dija har da shingensa. Amma ba lambun ne ya fi ƙona mata rai ba. Tun hantsi take tsaye tana jin maza huɗu suna jefa sunan uwarta daga baki zuwa baki, wannan ya ce yaƙi ne, wannan ya ce ƙoshin saniya ne, yanzu kuma ga wani yaro da tabarau zai goge shi gaba ɗaya. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ture matan da ke gabanta ta ratsa har tsakiyar tabarmi, ba ta ko cire takalmi ba.

“Yaro,” ta ce, “rufe littahin nan tukuna.”

Maigari ya ce, “Dija, nan zaman maza ne.”

“Na gani. Ranar yasa ma zaman maza kuke yi, a sama.” Ta juya ga Sumana. “Tambaye su rijiyar gaba nawa ce. Mai abu ai ya san tsawon abinshi.”

Sumana ya dubi maigari. Maigari ya ce za ta yi ashirin da biyar. Arɗo ya ce shi igiyarsa yake sani, bai taɓa aunawa ba.

“Gaba goma sha tara da kamu ɗaya,” in ji Dija. “Yashi gaba shida, jar ƙasa takwas, sannan marmara. A ƙasa wajen gabas akwai lungu, dagin ubana na nan ciki inda ya aje shi. Ubana Labo ya haƙa ta, ina tsaye, da idona.”

Maigari ya yi dariya. “Wa ya ce ba ki san cikinta ba? Aikinki ne shiga. Mai yasa daban, mai rijiya daban.”

Sumana ya ɗaga hannu. Ya yi mata magana da ladabi, ya ce, “Iya, na ji. Amma kowa a nan ya kawo mini asalin sunan. In mahaifinki ya haƙa, me ya sa ba a ce Rijiyar Labo ba? Ke mene ne naki bayanin? Faɗi sunan, ki gaya mini daga inda ya fito.”

Nan fa Dija ta tsaya. Amsar tana bakinta, gaɓa biyu ce kacal, amma shekara hamsin da wani abu harshenta bai taɓa ɗaukarta ba. Ta faɗe ta a nan, a gaban Cindo, a kan tabarma, don wani baƙo ya ji daɗin cika littafi? Ta ji kunya ta rufe ta tun daga ƙafa, kunyar kuma ta ƙara mata haushi. Ta waiga wajen tsofaffin matan da take zaton sun sani. Duk suka sunkuyar da kai, don ba mai son ɓata da gidan maigari.

“Ban hwaɗi,” ta ce.

Aka yi 'yar dariya a bayan taro. Sumana ya ɗaga kafaɗa, ya buɗe littafinsa, ya cire murfin alƙalami.

“Na ce ban hwaɗi nan ba,” in ji Dija. “Sunan ga ba a kan tabarma aka raɗa shi ba. Kana son ka ji inda ya hito? Taso.”

Ta juya ta nufi rijiya, ba ta duba ko ana bin ta ba. Aka bi ta kuwa, don ba a taɓa ganin Dija ta yi abu rabi ba. Ta aika aka ɗauko igiyoyin yasa. Ta tofar da tabar bakinta, ta naɗe zane ta soke shi tamau, ta ɗaura babbar igiya a ƙugu. Ɗanlami mijin Uwani, da maƙwabcinsa, suka zarga igiyar a gwafa suka riƙe. Ba lokacin yasa ba ne, saura wata guda, ruwa bai gama ja ba. Ɗanlami ya buɗe baki zai faɗi haka, ta dube shi, ya rufe.

Ta miƙa wa Uwani igiyar guga, ta rage murya. “Yau babu girgiza. Ko kin ji igiya ta motsa kada ki ja. Sai an kira ki.”

Uwani ta dubi uwarta, ta gane, idonta ya kawo ruwa. “Inna, ba sai kin yi ba. Ni sai in hwaɗa musu.”

“Ke ba ki ji shi ba yadda ake kiranshi. Riƙe igiya.”

Ta ba rijiya baya, ta zura ƙafa, ta fara sauka. Itatuwan bakin rijiyar duk igiya ta yi musu zane mai zurfi, wasu zanen tun na uwarta ne. Ta wuce yashi inda aka kafa saiwoyi da itace don kada ya rufta. Ta shiga jar ƙasa, yatsun ƙafarta suna neman matakan da Labo ya sassaƙa, ba ta ko lalube, ta san inda kowanne yake. Sanyi ya fara taso mata. Hayaniyar sama ta ragu har ta koma kamar ta kasuwa mai nisa. Da ta iso ƙasa ruwa ya kama ta har ƙirji.

Aka sauko mata da guga. Ta nutsa shi ta cika da laka da hannuwanta. Ta laluba lungun gabas ta jawo dagin, ya yi tsatsa, ya cinye har ya koma kamu ɗaya, ta soke shi cikin lakar. Sannan ta raɓe a lungun, inda ubanta ke raɓewa, ta ɗaga kai. Bakin rijiyar ya zama ɗan farin faifai, da kawunan mutane kewaye da shi.

Hannunta da kansa ya kai ga igiya zai girgiza, ta janye shi. Ta tuna tana ƙarama, tana kwance rub da ciki a bakin ramin nan, muryar ubanta tana tasowa, uwarta tana tofa yawu a tafin hannu tana saɓa igiya. Matar nan ta ja ƙasar rijiyar nan kaf a kafaɗarta, guga bayan guga, har fatar wurin ta yi kanta. Yau kuma ana cewa ba a san ta ba. Dija ta ce a ranta, Inna ki yafe mini. Ta cika ƙirjinta da iska.

“Hariii! Jaa!”

Rijiya mai gaba goma sha tara ba ta mayar da murya yadda aka ba ta. Kiran ya taso da kauri, ya daɗe yana fitowa, har waɗanda suka leƙa suka ja da baya. Shanun da ke jira a bakin komi suka ɗaga kai.

“Na'am,” in ji Uwani, da ƙarfi, a gaban kowa.

Ta tofa yawu a tafin hannu, ta saɓa igiya a kafaɗa, ta juya ta yi gaba da ita tana takawa a hankali, igiya tana kuka a kan itace, har gugan ya fito da laka da guntun dagi a tsaye a ciki.

Liman ne ya fara motsi, ya dafa goshi ya ce, “Hariratu. Ni na raɗa wa yarinyar ga suna da bakina, sunan kakarta.” Bai ƙara ambaton Larabci ba.

Arɗo Juli kuwa ya zauna a gefen komi, sandarsa ta faɗi bai ɗauka ba. Ya ce, “Na ji wannan kira. Ina saurayi, ina bin shanun babana ta dajin ga, muka ji rami yana kira, muka tsorata. Sai ga wata doguwar mace da igiya a kahwaɗa. Ta ba mu ruwa a ƙwarya daga tulunta, alhali rijiyar ba ta kai ruwa ba tukuna.” Ya dubi Sumana da idonsa mai gani. “Ɗan nan, cire Fulani daga maganar ga. Mun sha dai, ba mu haƙa ba.”

Maigari Cindo ya ce ai wannan duk bai hana a ce an taɓa kawo hari a wurin ba.

Aka jawo Dija. Ta fito jiƙe sharkaf, laka har wuya, amma da Ɗanlami ya miƙa hannu zai tallafe ta sai ta ture shi. Ta kwance igiyar da kanta. Ba ta dubi Uwani ba, Uwani ma ba ta dube ta ba, kunya ta hana su.

Mushe Sumana ya daɗe yana duban shafin da ya cika da bayanin harsuna huɗu. Ya ja layi a kai daga sama har ƙasa. Ya buɗe sabon shafi ya rubuta sunan Dija ɗiyar Labo a gurbin mai rijiya, ya karanta da ƙarfi don kowa ya ji, ya ce lambu kuma yana nan inda yake. Da ya zo gurbin sunan rijiya sai ya tsaya, ya matso kusa da ita da alƙalami a hannu.

“Iya, don Allah ki maimaita mini sunan sau ɗaya, a hankali, in rubuta shi daidai yadda kike faɗa.”

Dija ta matse bakin zanenta, ruwa ya zuba a ƙasa. Ta dube shi daga tabarau har takalmi.

“Sau ɗaya na hwaɗe shi, kuma ba kai na kira ba. Kauce, ka tare wa shanu hanya, tun hantsi ba su sha ba.”

Ya kauce. Ta ɗauki guga ta zubar da lakar, ta ɗauraye shi, ta jefa a rijiya.